Rediyon sauraron ƴan kwana-kwana: me sikana ke iya kamawa a Maraɗi, kuma wacce ta cancanci kuɗinka?

Shin akwai ƙaramin rediyo mai araha da mutum zai riƙe a hannu ya ji abin da ƴan kwana-kwana da motocin ɗaukar marasa lafiya ke faɗa wa juna a daidai lokacin da abu ke faruwa? Tambayar ta ƙara yawa a majalisu da rumfunan masu gyaran rediyo tun bayan ruwan da aka tafka a ƙarshen watan Agusta na 2024, wanda ya rusa gidaje ya kuma ci rayuka a cikin garin Maraɗi. Wanda ya tuna gobarar da ta cinye azuzuwan zana a watan Nuwamba na 2021, inda yara sama da 20 suka rasu, ba zai ga laifin mai son samun labari da wuri ba. Matasa kuma sun ga bidiyoyin Amurka a YouTube da TikTok, inda mutum ke zaune a ɗakinsa yana jin kiran gobara kai tsaye.

Na'urar tana nan, sunanta sikana. Sai dai abin da take yi a Amurka ba shi za ta yi a unguwar Zariya ko ta Bagalam ba, kuma yawancin asarar kuɗin da ake yi a kanta daga rashin sanin wannan bambanci take fitowa.

Mece ce sikana, kuma me ya raba ta da oba-oba?

Abin da masu gabatar da shiri a gidan rediyo ke kira mita, masu sana'ar sadarwa suna ce masa firikansi. A nan za mu riƙe firikansi don kada a rikita shi da mitar awon tsawo. Ana auna shi da megahaz, a rubuce MHz. Rediyon gida yana kama daga 87.5 zuwa 108, inda su Anfani da Garkuwa suke, kuma tashoshin nan magana suke yi ba tsayawa. Ma'aikatan agaji ba haka suke ba. Direban mota zai danna maɓalli ya yi magana ta sakan uku ko biyar, a amsa masa, sai wurin ya yi tsit na tsawon awa guda. Idan kana zaune a kan firikansi ɗaya, duk abin da aka faɗa a sauran ya wuce ka.

Aikin sikana shi ne zagaye. Tana bin jerin firikansin da aka adana mata ɗaya bayan ɗaya da gudu, in ta tarar da murya ta tsaya, in an yi shiru ta ci gaba. Kunne kawai gare ta, ba ta da baki. Oba-oba kuwa, irin Baofeng ɗin da ake gani a hannun masu gadi, tana ji kuma tana aikawa. Wannan bambanci ya fi kowane girma, domin duk na'urar da ke iya aika magana tana iya katse kiran gaggawa, kuma dokar sadarwa ta fi tsananta a kanta.

Kafin a taɓa aljihu: doka da shingen bincike

A Amurka sauraron maganar da ba a kulle ba halas ne a mafi yawan wurare, shi ya sa kasuwar sikana ta bunƙasa a can. A Ingila dokar 2006 ta haramta sauraron saƙon rediyo da ba don kai aka aiko shi ba. Ƙasashe sun sha bamban, amma akwai ƙa'ida ɗaya da ta haɗa membobin Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, wadda Nijar ke ciki: sashe na 17 na dokokinta na rediyo ya ɗora wa gwamnatoci alhakin hana tare saƙon da ba na jama'a ba ba tare da izini ba, da hana bayyana abin da ke cikinsa. A Nijar hukumar ARCEP, wadda aka kafa a 2018 a madadin ARTP, ita ce ke raba firikansi da amincewa da kayan sadarwar da za a yi aiki da su a ƙasa.

Akwai kuma abin da mutane ke mantawa. Ƴan kwana-kwananmu sojoji ne. Wanda ya ce zai saurare su, ya sani cewa maganar masu kaki yake son ji. Ga kuma halin da kudancin jiha ke ciki, wajajen Madarumfa da Gidan Rumji da bakin iyakar Ɗan Isa, inda ƴan bindiga ke satar mutane da dabbobi, kuma ake neman masu kai musu labari ruwa a jallo. Jandarman da ya buɗe jakarka a shinge ya ga baƙar na'ura mai eriya ba zai tsaya tantance wacce ke aikawa da wacce ba ta aikawa ba. Ba laifinsa ba ne, aikinsa ke nan.

Masu goyon bayan sauraro suna da hujja. Ɗan jarida yana son tabbatar da labari kafin jita-jita ta cika WhatsApp, ɗan agaji na Croix-Rouge yana son sanin unguwar da ruwa ya fi ci, mai unguwa yana son sanin ko mota ta taso. Masu adawa su ma suna da tasu: ɓarawo na iya jin inda sintiri ya nufa, sunan mara lafiya da cutarsa na iya fita waje, kuma taron ƴan kallo na iya toshe lungu kafin motar ruwa ta iso, abin da kowa ya sani yana faruwa ko babu sikana. A ganinmu hujja ta biyu ta fi nauyi a halin da muke ciki, don haka tsarin da ya dace shi ne wannan. Ka rubuta wa ARCEP takarda, ka faɗi sunan na'urar da samfurinta, zangon da take kamawa, cewa ba ta aikawa, da dalilinka. Idan aikin ƙungiya ne, shugabanta ya sa hannu, kuma a nemi yardar hukumar da za a saurara ita kanta. Maganar soja da jandarma da ƴan sanda kuwa a bar ta baki ɗaya, ko da na'urar ta faɗa kanta cikin zagaye.

Abin da ke yawo a iska, da abin da ba za ka taɓa ji ba

Nan ne kuɗi ke halaka, don haka sai an ɗan daɗe.

Tsohon tsari shi ne analog. Murya tana hawa iska yadda take, kowace sikana mai araha tana jin ta. Yawancin oba-oba na aiki suna zaune a wurare biyu: VHF daga 136 zuwa 174 MHz, da UHF daga 400 zuwa 470. Akwai kuma zangon 68 zuwa 88, wanda ƴan kwana-kwanan Faransa suka daɗe suna aiki a kai kafin su sauya tsari. Jiragen sama suna magana tsakanin 118 da 137, amma da salon AM, ba FM ba, kuma 121.5 shi ne firikansinsu na neman ɗauki a duk duniya.

Sabon tsari shi ne dijital. Ana mayar da murya lambobi kafin a aika, sai rediyon da ya san harshen lambobin ya mayar da su murya. Harsunan kuma da yawa, ba sa jin juna. DMR, wanda aka fitar da ƙa'idarsa a Turai a 2005, shi ne na rediyoyin Motorola da Hytera na zamani, yana raba firikansi ɗaya gida biyu don mutum biyu su yi magana lokaci guda. NXDN na Icom da Kenwood ne. P25 na hukumomin Amurka ne. TETRA shi ne na jami'an tsaron ƙasashen Turai da dama, tsakanin 380 da 400 MHz, Faransa kuma ta yi nata mai suna Tetrapol. Idan sikanar analog ta faɗa kan DMR, abin da za ka ji shi ne wata ƙara mai karkarwa, kamar injin ban-ruwa da aka tayar a nesa. Na'urarka ba ta lalace ba, harshen ne ba ta iya ba.

Bayan dijital sai kulle. Hukuma na iya sa wa maganarta mabuɗin sirri, irin AES-256, ta yadda rediyon da aka ɗora wa mabuɗin kaɗai zai fahimta. Babu sikanar da ke buɗe wannan, ko ta jika 50 ce ko ta miliyan. Duk ɗan kasuwar da ya ce maka tasa tana kama komai, ko bai san kayansa ba, ko ya san ba ka sani ba.

Sauran abubuwa biyu suna wuce sikana ta sama da ta ƙasa. Ƙungiyoyin agaji masu tafiya mai nisa, kamar daga Maraɗi zuwa Dakwaro ko Yamai, suna amfani da manyan rediyoyin mota irin na Codan, masu doguwar eriya a gaba, waɗanda ke aiki ƙasa da 30 MHz da salon SSB. Ƙaramar sikana ba ta da wannan salo. Sai kuma salula. Aiki mai yawa a yau ta waya ake yin sa: ka buga 18, a ɗauka, a kira direba a lambarsa, a tura hoton wuri ta WhatsApp. Kiran Airtel ko Moov ko Zamani dijital ne kuma a kulle yake, sikana ba ta jin sa. Saboda haka mutum na iya sayen na'ura mai kyau, ya saita ta daidai, ya kwana uku bai ji komai ba sai masu gadin wani kamfani. Wannan sakamako ne da ya kamata ka sa a lissafi tun kafin ka biya.

Tarkon kayan da aka ƙera don Amurka

Kayan gwanjo da na intanet yawanci samfurin Amurka ne. Duniya ta kasu yanki uku a rabon firikansi, Afirka tana yanki na ɗaya tare da Turai, Amurka tana na biyu. Ga abin da hakan ke jawowa. Tazarar da ke tsakanin tasha da tasha a tsarinmu kilohaz 12.5 ce (kilohaz dubu ne megahaz ɗaya), wani lokaci 6.25, alhali samfurin Amurka yana zuwa da nasa tazarar a wasu zanguna, sai ya riƙa sauka gefen firikansi, murya ta fito a shaƙe. Maɓallin faɗakarwar yanayi da ake tallatawa yana sauraron tashoshin Amurka ne a 162.400 zuwa 162.550, nan babu su. Tsadaddun da ake cewa ka shigar da lambar unguwarka su saita kansu, rumbun da ke cikinsu na Amurka da Kanada ne, babu Maraɗi a ciki. Caja kuma, in ta bango ce, duba jikinta: in an rubuta 120V kaɗai, wutarmu ta 220 za ta ƙone ta nan take.

A kamfanin Uniden gane su ba wuya. BC125AT na Amurka ne, UBC125XLT na Turai. Na Turan yana kama 25 zuwa 88, 108 zuwa 174, 225 zuwa 512, da 806 zuwa 960 MHz. Na Amurkan ya tsaya a 54 ya tsallake zuwa 108, kuma babu 380 zuwa 400 a cikinsa.

Wacce za a saya?

Farashin da ke nan na kasuwannin Turai ne, kafin kuɗin jigila da na duwan. Yuro ɗaya sefa 655.957 ne, ba ya motsi, don haka lissafin da sauƙi.

Baofeng UV-5R ita ce ta fi jan ido, wajen yuro 25 zuwa 30, wato jika 16 zuwa 20. Tana da gurbin tasha 128, tana kama VHF da UHF. Amma a matsayin sikana ba ta da kirki, kuma dalilin lissafi ne. Tana duba tasha kamar uku a sakan. In ka adana mata 100, zagaye ɗaya zai ci sama da rabin minti, maganar sakan huɗu ta daɗe da wucewa. In ka ce ta lalubo maka daga 136 zuwa 174 da tazarar 12.5, matakai 3,040 ne, kusan minti 17 kafin ta dawo farko. Ba ta jin AM, ba ta da matatar kirki a ƙofar shigar sigina, don haka kusa da dogon ƙarfen gidan rediyo sai ta kurmance. Uwa uba tana aikawa da ƙarfin wat 4 zuwa 5, yaro ya danna maɓallin gefe ya shiga maganar hukuma. Ana iya kashe aikawar ta kwamfuta da manhajar CHIRP, tasha bayan tasha, amma a idon mai bincike oba-oba ce dai. Quansheng UV-K5 ta ɗan fi ta, tana da gurbi 200 kuma tana jin jiragen sama, sai dai ita ma mai baki ce. Shawararmu a bar su ga masu lasisi.

UBC125XLT tana kaiwa wajen yuro 150, kusan jika 98. Gurbinta 500 ne a rukuni 10, ana rubuta wa kowace tasha suna, tana zagaya kamar tasha 80 a sakan, kuma laluben da ya ci wa Baofeng minti 17 ita a ƙasa da minti ɗaya take gama shi. Tana da wata dabara mai suna Close Call, wadda ke cafke firikansin duk wani rediyo mai ƙarfi da ya yi magana kusa da kai ta nuna maka lambarsa. Pil biyu na AA take ci. Ƙanwarta UBC75XLT ta fi araha, gurbi 300, amma ba a rubuta suna, lambobi kawai za ka riƙa gani. Dukansu analog ne zalla.

Masu jin dijital, irin UBCD3600XLT da SDS100E, sun haura jika 300, ta biyun ma ta wuce 400. A wasu samfuran sai an sake biyan kuɗi daban kafin a buɗe DMR ko NXDN, kuma ba sa fassara TETRA. Wannan ba kuɗin gwaji ba ne. Ƙungiyar da hukuma ta gaya wa tsarin da take aiki da shi, kuma ta tabbatar mata ba a kulle yake ba, ita kaɗai ya dace ta kashe su.

Akwai hanya ta huɗu da ba a cika ambata ba, kuma ita muke ganin ya fi kyau a fara da ita. RTL-SDR ƙaramar na'ura ce mai kama da kilen USB, yuro 30 zuwa 45. Ana haɗa ta da wayar Android ta igiyar OTG, a buɗe manhaja kamar SDR++ ko SDR Touch. Tana kama daga wajen 24 zuwa 1,700 MHz, ba ta aikawa, kuma tana nuna faɗin MHz 2.4 a kan allo lokaci guda, kowace sigina da layinta. Da ido za ka gane ko akwai motsi a zangon, kuma ko analog ne ko dijital. Aibinta tana shan batirin waya, tana zafi, kuma ba abin sawa a aljihu a yi ta yawo ba ne. Amma jika 25 da za su nuna maka cewa babu abin da za ka ji sun fi jika 98 da za su nuna maka hakan.

Eriya ta fi na'ura muhimmanci

Siginar VHF da UHF kusan a miƙe take tafiya kamar haske, don haka tsawo ne ke ba da nisa. Akwai lissafi mai sauƙi: ka ɗauki tushen murabba'in tsawon kowace eriya a mita, ka haɗa su, ka ninka da 4.12, abin da ya fito shi ne iyakar nisa a kilomita. Mutum biyu a tsaye, kowa da rediyo a mita 1.5, iyakarsu kilomita 10 a fili, a cikin gari kuwa da gine-gine da rufin kwano da wuya su wuce 2 ko 3. In ɗaya ɓangaren eriya ce a kan ƙarfe mai mita 30, nisan ya kai wajen kilomita 28. Shi ya sa hukumomi ke ɗora rele a wuri mai tsawo, na'urar da ke karɓar magana a wani firikansi ta sake watsa ta da ƙarfi a wani. In akwai rele, firikansin fitarsa za ka adana. Wanda ya adana na shiga zai riƙa jin rabin zance, motar da ke kusa da shi kawai. Haka kuma mazaunin gangaren Gulbi ba zai ji abin da na kan tudu ke ji ba, ko da na'urarsu iri ɗaya ce.

Ƴar gajeriyar eriyar roba da ke zuwa cikin kwali ta wucin gadi ce. Ta ƙarfe mai zuƙowa ta fi ta, in an ja ta daidai: ka raba 75 da firikansi, ka sami tsawon a mita. A 150 MHz santimita 50 ke nan, a 450 kuwa kusan 17. Jan ta har ƙarshe ba ya ƙara komai a UHF, ragewa ma yake yi.

Ta kan rufi kowane mai gyaran rediyo zai iya haɗa ta. Ana buƙatar soket ɗin eriya guda mai faranti da ramuka huɗu, irin SO-239, da wayar jan ƙarfe ta wutar gida mai kauri 2.5 mm². A yanka guda mai santimita 48 a like ta a tsakiya tana kallon sama. A yanka huɗu masu santimita 50, a ɗaure su a ramukan, a lanƙwasa su ƙasa rabin kwana, wato digiri 45. An yanka ta ne don 150, amma tana aiki a wajen 450 ma, domin ninki uku ne. A ɗora ta kan bututun roba mita 5 ko 6, nesa da wayoyin kuran, a naɗe mahaɗin da tef don ruwa. Da wannan tsawo, rediyon hannu da iyakarsa take kilomita 10 ya koma 15.

Igiyar saukowa tana cin sigina. Siririyar RG-58 tana cinye fiye da rabi a UHF cikin mita 10 kacal. Igiyar parabol, RG-6, wadda ke kowane shagon kayan talabijin, asararta ba ta kai rabin haka ba, kuma don sauraro kaɗai ta wadatar. Sai dai a nemi mahaɗin da ke juya kan F zuwa BNC, irin bakin da UBC125XLT ke da shi. Kada a rataya wa na'urar igiya mai tauri kai tsaye, nauyinta yana tsinke likin da ke cikin baki, a sa gajeriyar igiya mai laushi tsakani. Da hadari ya haɗo a cire igiyar a ajiye ta waje. Kuma eriya a kan rufi kowa na ganin ta, don haka takardar izini ta riga ta hawa.

Saitin farko da abubuwan da ke rikita sabon shiga

Fara da SQL, wato mai toshe shuuu ɗin da ake ji in babu magana. Ka sauke shi har ƙarar ta fito, sannan ka ɗaga a hankali har ta ɗauke, ka tsaya nan. A Uniden yawanci 2 ko 3 ne. In ka kai shi sama sosai, siginar nesa ba za ta buɗe shi ba, ka zaci babu kowa. Sa jinkiri na sakan 2 a kowace tasha don na'urar ta jira amsa kafin ta wuce. Zaɓi NFM, wato matsattsen FM, a tashoshin aiki, AM a na jirage. In murya tana fitowa ƙasa-ƙasa, galibi an bar ta a FM mai faɗi ne.

Za ka ga ana maganar CTCSS da DCS. Na farko wani siririn sauti ne, tsakanin haz 67 da 254, na biyu kuwa lambar dijital ce, waɗanda rediyo ke haɗawa da murya don ƙungiyoyi biyu su raba firikansi ɗaya ba tare da sun dami juna ba. Ba kulle ba ne. Ka bar shi a kashe, za ka ji kowa. Wanda ya saka lambar da ba daidai ba shi ne zai zauna shiru alhali ana magana.

In na'urar ta riƙa tsayawa wuri ɗaya babu murya, cire eriya. In siginar tana nan, daga cikin na'urar kanta take fitowa, sai ka danna L/O ta daina tsayawa a wurin. In ta ɓace, daga waje ne, kuma masu laifin sanannu ne: ƙwan LED mai araha, cajar salula ta jabu, da injin juya wutar sola. Kashe su ɗaya bayan ɗaya har ka gane wanne ne. In kuma kana jin waƙar gidan rediyo a inda bai kamata ba, kamar a zangon jirage, ƙarfin tashar FM ne ya cika ƙofar na'urar. Maganinsa ƙaramar matata mai toshe 88 zuwa 108 da ake sawa tsakanin eriya da na'ura, ko a koma gajeriyar eriya.

Pil, zafi da ƙura

Pil biyu masu caji, NiMH na wajen 2,300 mAh, suna riƙe UBC125XLT awa 8 zuwa 10. Ka sayi huɗu da caja ta waje, biyu na aiki biyu na jira, domin ranar da ruwa ya yi ɓarna ita ce ranar da babu kuran. A cikin gidan pil akwai ɗan maɓalli mai zaɓi tsakanin pil na caji da na yarwa. In ka sa na yarwa ka bar shi a ɓangaren caji, sannan ka jona USB, za su yi zafi su zubar da ruwa su ci ƙarfen ciki. A watan Afrilu da Mayu, da zafi ke haura digiri 40, kada a bar ta a gaban mota, allon yana baƙi kuma pil na mutuwa da wuri. Lokacin hunturu ƙura tana shiga bakin eriya da maɓallin juyawa, jakar leda mai zif ta isa kariya.

Gwaji kafin a miƙa kuɗi

Ko sabuwa ce ko ta hannu, kada ka karɓa a rufe. Juya bayanta ka karanta samfurin, ka tabbata UBC ne. Buɗe gidan pil ka duba ko akwai fari ko koren tsatsa. Girgiza bakin eriya a hankali, in yana motsi likin ciki ya kusa tsinkewa. Danna kowane maɓalli ka ga lambarsa ta fito a allo.

Sannan gwajin ji. Ƙananan oba-oba na PMR, irin na masu shirya taro, tasharsu ta farko tana 446.00625 MHz. Shigar da wannan lamba. In na'urar ta karɓe ta yadda take, tana da tazarar 6.25, in ta mayar da ita wata lamba, ka san akwai tashoshin da za ta riƙa kuskurewa. Sa mai shagon ya yi magana daga nisan mita 100, ka ji ko muryar ta fito tas, sannan ka kunna Close Call ka ga ko za ta cafko lambar da kanta. Daga nan a rubuta maka takardar saye mai ɗauke da sunan shago, kwanan wata, samfuri da lambar jikin na'urar, wadda ke kan takardar da aka manna a bayanta. Ka yi hoton takardar da na izinin ARCEP ka ajiye a waya, ainihinsu kuma su zauna cikin jaka ɗaya da na'urar duk inda za a fita da ita.